Lardin Sardauna: Yadda Mutanen Duwatsun Gabas Suka Shigo Nijeriya

Wanda ya bi iyakar Nijeriya da Kamaru daga Tafkin Chadi ya nufi kudu, ba zai yi nisa ba zai ga ƙasa ta fara tashi. A Gwoza duwatsun Mandara suke somawa, su ratsa Madagali da Michika har Mubi. In an haye Binuwai sai duwatsun Alantika da na Shebshi a ƙasar Ganye, daga nan sai Gashaka da tudun Mambila, inda Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419. A yau jihohi uku ne suka raba wannan yanki, Barno da Adamawa da Taraba. Amma ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka ɗaga tutar 'yancin kai a Legas, babu ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa da ke cikin Nijeriya.

Tun kafin zuwan Turawa, mulkin wannan ƙasa daga fili yake fitowa ya dubi dutse. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, ya kafa masarautar Fombina, ya zauna a Yola a 1841. Daga arewa kuma akwai Barno da sarautar Mandara. Dawakin waɗannan dauloli sun mallaki kwari da hanyoyin fatauci, amma ikonsu yakan tsaya ne a gindin dutse. Marghi da Kamwe da Fali da Gude da sauran ƙabilu sun riƙe kan tsaunuka, suna jera duwatsu su tare ƙasa su yi noma hawa-hawa, wasunsu da nasu sarakunan, kamar Hidi na Sukur. Dutsen shi ne garkuwarsu daga masu farautar bayi.

Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar garin Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuwa ta faɗa wa Jamus. A 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Jamusawa ba su da isassun ma'aikata, sai suka jingina da sarakunan da suka tarar a fili, suka bar musu sha'anin mutanen dutse. Abin da hakan ya haifar yana rubuce a littafin da Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya riƙa sa ana rubuta masa daga 1912 zuwa 1927, inda aka lissafa hare-haren da ya kai da mutanen da ya kamo. Sai a 1927 Turawan Ingila suka tuɓe shi. Ba za a fahimci abin da ya faru a akwatin zaɓe shekaru talatin bayan haka ba in aka manta da wannan zamani.

Da Jamus ta sha kaye a Kamaru a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Sanarwar Milner da Simon ta 10 ga Yuli 1919 ta ja layin, Faransa ta kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta samu siririn zirin da ke manne da Nijeriya. A 1922 aka mayar da shi ƙasar riƙo a ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan lokaci, a 1946 kuma ya koma riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɓangaren arewa na zirin, wanda ake kira Kamarun Arewa, shi kansa ba a haɗe yake ba. Gida biyu ne, da rata a tsakaninsu wajen Binuwai.

Ingila ba ta ga dalilin kafa masa gwamnati tasa ba. Sai ta yanka shi ta liƙa wa lardunan da ke maƙwabtaka da shi: Dikwa da Gwoza suka bi Lardin Barno, tsakiya tun daga Madagali har Mambila ta bi Yola, ƙasar Kentu da Tigon da Ndoro a can kudu ta bi Lardin Binuwai. A takarda ƙasar amana ce da ake kai rahotonta ga duniya kowace shekara. A zahiri kuwa hakimi daga Yola ake naɗo shi, haraji baitulmalin En'e ta Adamawa yake tafiya, alƙali ma daga can. Mutumin Gembu da ke da ƙara, tafiyar makonni ce a ƙafa tsakaninsa da inda ake yanke hukunci. Makarantu da asibitoci kaɗan ne ƙwarai, hanyar mota kuwa ba ta hau Mambila ba sai daga baya.

Da 'yancin Nijeriya ya matso, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba-gardama a Nuwamba 1959, ƙarƙashin kulawar Djalal Abdoh ɗan ƙasar Iran. Tambayar ita ce ko jama'a na so su zama ɓangaren Jihar Arewa in Nijeriya ta samu 'yanci, ko kuwa a ɗage maganar zuwa gaba. A Kaduna an ɗauka zance ya ƙare tun kafin a jefa ƙuri'a. Da aka ƙirga, sai ga mutum 70,546 sun ce a ɗage, 42,788 kaɗai suka ce a shiga. A ganina masu wannan ƙuri'a ba Kamaru suke so ba, ba kuma Nijeriya suke ƙi ba. Mulkin En'e da hakiman da ake aiko musu suka ƙi, kuma wannan ne karo na farko da wani ya tambaye su.

Sardauna Ahmadu Bello ya ji saƙon, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Aka yi bincike, aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa sababbin En'e a Mubi da Ganye da Gashaka-Mambila, Gwoza ma ta rabu da Dikwa. Daga 1 ga Oktoba 1960 aka ware ƙasar daga Nijeriya baki ɗaya, Sir Percy Wyn-Harris ya riƙe ta daga Mubi a madadin Ingila. Sardauna da kansa ya shiga yankin yana neman goyon baya, yana alkawarin cewa za su zama lardi mai cin gashin kansa, daidai da kowane lardi a Arewa.

A ƙuri'a ta biyu, ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961, zaɓi biyu ne kawai, Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Mata sun jefa ƙuri'a a wannan karon, alhali 'yan'uwansu na Kano da Sakkwato sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu wannan dama. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, da hedikwata a Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki a Kamaru, ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, amma a Disamba 1963 kotun ta ce ba za ta yanke hukunci a kan asalin ƙarar ba.

Lardin bai yi tsawon rai ba. A 1967 ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. A 1976 aka haɗa mafi yawansa da Lardin Adamawa aka yi Jihar Gongola, hedikwata kuma ta koma Yola, garin da aka yi ƙuri'ar 1959 don a rabu da ikonsa. Gwoza ta tafi Barno. A 1991 aka raba Gongola, Mubi da Ganye suka zauna a Adamawa, Gashaka da Mambila suka koma Taraba. Sunan Sardauna ya rage ne a kan ƙaramar hukuma guda mai hedikwata a Gembu. Duk waɗannan sauye-sauye gwamnatocin soja ne suka yi su, ba a koma wurin mutanen an tambaye su ba. Shi ya sa har yanzu ake jin masu neman Jihar Amana a Mubi da kewaye suna kafa hujja da alkawarin 1961.

Ita iyakar Nijeriya da Kamaru an tabbatar da ita. Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002, wanda aka fi saninsa da maganar Bakasi, ya dogara ne da tsofaffin takardun Ingila da Faransa wajen shata layin da ya bi waɗannan duwatsu. Abin da bai tabbata ba shi ne kason mutanen da ke zaune a kansu. A 2014 Boko Haram ta kama Gwoza da Madagali da Michika da Mubi cikin 'yan watanni. Tashar lantarkin Mambila da aka shafe shekaru da dama ana zancenta har yau ba a gina ta ba. Waɗannan mutane da ƙuri'arsu suka shigo Nijeriya bisa alkawarin da aka yi musu, don haka ya wajaba gwamnatin tarayya da gwamnatocin Barno da Adamawa da Taraba su ba su hanya da tsaro da makaranta, su kuma sa wannan tarihi cikin abin da ake koya wa yaranmu.