Yarjejeniyar Ɓoye a kan Injiniyoyin Manhaja a Kalifoniya, 2005 zuwa 2015

Ma'aikacin da ba shi cikin ƙungiyar ƙwadago, ƙarfinsa wajen cinikin albashi guda ɗaya ne, watau ikon barin wannan maigida ya koma wurin wancan. Haka al'amarin injiniyoyin manhajar kwamfuta ya ke a jihar Kalifoniya ta Amurka. Galibinsu ba su da ƙungiya, amma dokar jihar, wadda asalinta ya faro tun 1872, ba ta yarda da sharaɗin da zai hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasar maigidansa ba. Saboda haka duk gwanin da wani kamfani ya yi wa tayi, sai maigidansa ya ƙara masa albashi, in ba haka ba ya rasa shi.

To, daga 2005 zuwa 2009 sai waɗansu manyan kamfanoni suka ƙulla yarjejeniya a asirce, biyu biyu, cewa ɗaya ba zai zawarci ma'aikatan ɗaya ba. Su ne Apple, Google, Intel, Adobe, Intuit, Pixar da Lucasfilm. A 2007 wata ma'aikaciyar Google ta tuntuɓi wani injiniyan Apple da tayin aiki. Steve Jobs ya kai ƙara wurin Eric Schmidt, shugaban Google, nan da nan aka sallame ta. Facebook kuwa ya ƙi shiga, ya yi ta janye gwanayen Google. A Nuwamba 2010 Google ya sanar da ƙarin kashi 10 cikin ɗari ga dukan ma'aikatansa. Wannan ya nuna irin amfanin da gasa ke jawo wa ma'aikaci.

Asirin ya tonu a 2010, sa'ad da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai kamfanonin kotu. Suka yi alkawarin dainawa, ba a ci su tara ba. A 2011 injiniyoyin da kansu suka shigar da ƙara, wadda daga baya ta haɗa mutum wajen 64,000. Intuit, Pixar da Lucasfilm suka amince su biya dala miliyan 20 a 2013. Sauran huɗun suka yi tayin miliyan 324.5, amma a Agusta 2014 Mai Shari'a Lucy Koh ta ƙi amincewa, ta ce kuɗin sun yi kaɗan. A Satumba 2015 ta amince da miliyan 415, ko da ya ke kamfanonin ba su amsa laifi ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma bayan an fid da ladan lauyoyi, abin da kowane injiniya ya samu a matsakaicin lissafi bai kai dala 6,000 ba. Gwaninta da albashi mai tsoka ba su hana iyayen gidansu haɗa kai a bayan idonsu ba, kuma ba su sami ko wannan 'yar diyya ba sai da su ma suka haɗa kansu a gaban kotu.