Wayar Katsina Zuwa Gazawa Da Darasinta Ga Masu Jiran Wutar Iska

A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy na ƙasar Birtaniya domin kafa tashar samar da wuta daga iska a yankin Tarka, cikin jihar Tawa. An ce tashar za ta iya kaiwa megawat 250, da injinan iska har 60. Labarin ya faranta ran jama'a, kuma ya cancanci hakan, domin a ƙasar nan kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa. Sai dai yawancin hirar da aka yi ta tsaya kan injinan. Ba a cika tambayar wayar da za ta ɗauko wutar ba, ko wa zai ba da izinin kafa ta, ko aljihun wa kuɗinta zai fito. Tarihin lantarki a jihar Maraɗi, daga Gazawa zuwa Agye har Gidan Rumji, ya nuna cewa waɗannan tambayoyi uku su ke yanke wanda zai ga haske da wanda zai kwana da tocila.

An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. A lokacin, manyan garuruwan Nijar kowanne da injinsa na gazuwal yake dogara, man kuma daga bakin teku ake ɗauko shi a mota. Wuta mai tsada ce, ta 'yan unguwanni kaɗan. A 1976 aka buɗe layi mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, babban birni ya fara shan wutar Kainji mai araha. Ana yawan cewa Najeriya ta yarda da wannan ciniki ne don kada Nijar ta tare kogin daga sama ruwan Kainji ya ragu. Ko ma mene ne dalilin, Yamai ta samu, Maraɗi da Damagaram kuwa suka ci gaba da jin ƙarar inji har shekara goma sha takwas.

Sai a 1994 layi na biyu ya shigo, shi ma kilobolt 132, daga Katsina zuwa Gazawa. A Gazawa ya rabu biyu: reshe ɗaya ya yi yamma ta ƙasar Agye zuwa Maraɗi, ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram. Gazawa a lokacin ƙaramin gari ne cikin gundumar Agye, bai zama gundumar kansa ba sai a 2011, amma tun daga 1994 ya zama mararrabar wutar tsakiyar ƙasa. Masu injin niƙa, masu walda da masu ƙanƙara na Maraɗi sun daɗe abincinsu na rataye da abin da ke faruwa a wannan tasha da kuma tashar Katsina.

Bayan buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta karɓi bashi daga bankin Exim na ƙasar Sin aka kafa wasu layuka biyu masu kilobolt 132. Ɗaya ya haɗa matatar da Damagaram, ɗayan ya tashi daga Maraɗi zuwa Malbaza, garin siminti. Wanda zai fita Maraɗi ya nufi yamma dole ya ratsa gundumar Gidan Rumji, haka ma wayar ta yi. A Malbaza ɗin ne aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a 2018. Wannan zare da ya taso daga Damagaram, ya bi Gazawa da Maraɗi ya kai Malbaza, shi ne ƙashin bayan abin da NIGELEC ke kira yankin tsakiya da gabas. An gina shi daban da na Yamai, daban da na Agadas mai dogara da gawayin SONICHAR, daban da na Difa. Ƙasa ɗaya, tsarin wuta huɗu, kowane da ƙofarsa.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya fahimta a nan. Babbar waya ta wuce bisa gonar mutum ba ya nufin ƙauyensa zai samu wuta. Ƙarfin da ke cikinta ya fi abin da gida zai ɗauka nesa ba kusa ba. Sai an gina tashar rage ƙarfi, an ja matsakaitan wayoyi zuwa garuruwa, an dasa taransifoma, sannan a ja ƙananan wayoyi zuwa gidaje. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma tashar rage ƙarfi ita ce mai tsadar. Shi ya sa ake ganin ƙauye a gindin turakun ƙarfe yana cikin duhu, wutar na wucewa ta kansa zuwa birni.

Shekaru da dama, gwamnati da kamfaninta su ne masu kafa waya, su ne masu yanke farashi, su ne kuma masu duba aikin kansu. A ƙarshen 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar daidaita harkar makamashi, ARSE, a 2016 kuma aka yi sabuwar dokar lantarki wadda ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su samar da wuta su sayar wa NIGELEC. Daga farkon 2018 aka fara aiki da sabon farashi. Hikimar kafa irin wannan hukuma ita ce a samu alƙali tsakanin mai saka jari da mai biyan takardar wuta. Idan an ci bashi an kafa layi, a ƙarshe ana biyan bashin ne ko dai daga baitulmali ko daga takardar wata. Duka biyun aljihun talaka ne, don haka sai an samu mai tambaya ko layin ya cancanci kuɗinsa, kuma ko an raba nauyin da adalci.

Izinin bai tsaya ga ARSE ba. Ofishin tantance illar ayyuka ga muhalli, BNEE, sai ya duba aikin kafin a fara. Ƙasar da turaku za su zauna kuwa tana ƙarƙashin dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, kuma ta tanadi biyan diyya. A jihar Maraɗi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jama'a sun yi yawa, gonaki sun tsuke, gadon gida ɗaya an raba shi gida goma. Tun shekarun 1980 manoman wannan yanki suka rungumi sassabin zamani, suna barin tsiron itace a gona suna renonsa, har ƙauyuka irin Ɗan Saga na ƙasar Agye suka yi suna a duniya. A ƙarƙashin babbar waya kuwa ba a barin doguwar itaciya. Gawon da manomi ya rena shekara ashirin, mai ba gonarsa taki da dabbobinsa abinci lokacin rani, yana cikin kuɗin layi ko da ba a rubuta shi cikin kwangila ba.

Wutar iska tana ƙara wa wannan lissafi nauyi. Injin gazuwal ana iya kafa shi a bakin gari. Injin iska kuwa sai inda iskar take, galibi kan tudu nesa da masu buƙata. Kuma iskar Sahel tana da lokacinta: da hunturu takan yi ƙarfi, alhali a lokacin sanyi ne ake rage kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Tasha mai megawat 250 a rana mai iska za ta iya fitar da wutar da ta fi abin da Maraɗi, Tawa da Damagaram ke ja, a rana marar iska kuma sai an nemo madadi daga wani wuri. Ko ta wane gefe, sai da waya mai faɗi da ta haɗa yankin da Yamai da maƙwabta.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda aikin iska ke jan ƙafa. A Lambar Rimi, kudu da birnin Katsina, an tsara tasha mai megawat 10 da injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa. Tunanin ya samo asali tun Umaru Musa 'Yar'adua na gwamnan Katsina, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan aikin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamba 2013. Aikin da aka yi zaton na 'yan shekaru ne ya haura shekara goma. Wannan tasha tana kusa da Katsina, bakin layin da ke ciyar da Gazawa.

A Kenya kuwa wayar ce ta ba da kunya. An kammala kafa injina 365 na tashar tafkin Turkana, mai megawat 310, a 2017. Layin da zai ɗauko wutar, mai tsawon sama da kilomita 400 daga Loiyangalani zuwa Suswa, aikin gwamnati ne, kuma kamfanin Isolux na Sifen da aka ba kwangilar ya karye, ga rigimar diyyar filaye. Ba a haɗa layin ba sai a watan Satumba na 2018. Tun da yarjejeniya ta ce a biya masu tashar idan laifin jinkirin ba nasu ba ne, sai 'yan Kenya suka biya biliyoyin shilin kan wutar da ba su gani ba.

Jihar Texas ta Amurka ta bi wata hanya. A 2005 majalisarta ta umarci hukumar daidaita lantarki ta ware yankunan da ke da iska, a kafa musu waya tun kafin masu injina su zo. Hukumar ta amince da tsarin a 2008, aka ja layuka kimanin mil 3,600, aka gama wajen ƙarshen 2013, kan kuɗi kusan dala biliyan 7 da aka raba cikin takardar wutar kowa. An yi ta gardama kan tsadar, amma da injinan suka zo sun tarar da hanya a buɗe. Senegal ma da ta buɗe tashar Taiba Ndiaye a 2020, mai injina 46, ta yi sa'ar wurin yana dab da babbar tashar wuta ta Tobene. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi mafi zafi ya zo wa Nijar a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar. A lokacin kimanin kashi 70 cikin ɗari na lantarkin NIGELEC daga can yake zuwa. Maraɗi da Damagaram suka koma rabon wuta unguwa-unguwa. Bankin Duniya, wanda a ƙarshen 2021 ya amince da shirin Haske mai ɗauke da aikin haɗa yankin Yamai da na tsakiya ta Zabori zuwa Malbaza, ya dakatar da sakin kuɗi na wani lokaci. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, wuta ta dawo a Maris. Watanni bakwai sun isa su nuna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Sun kuma nuna cewa layin da ya ƙetare iyaka yana da masu izini da yawa: ARSE a nan, hukumar NERC da kamfanin TCN a Najeriya, tsarin musayar wuta na Afirka ta Yamma mai hedikwata a Kwatano, sannan a samansu duka akwai siyasa. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, amma turakun da ke tsakanin Katsina da Gazawa suna nan inda suke.

Saboda haka duk ranar da aka zo Gidan Rumji, Agye ko Gazawa da zancen sabon layi, ko na iska ne ko na rana, akwai tambayoyin da hakimai, masu gari da 'yan majalisa ya kamata su yi tun kafin a haƙa ramin farko. Shin za a gama wayar kafin injina, in kuwa ta makara wa zai biya tarar? Nawa daga cikin kuɗin zai hau takardar wutar mai shago a Tsibiri, kuma ARSE za ta bayyana lissafin a fili? Za a biya diyyar gona da itace kafin a sare, da sanin hukumomin filaye na ƙauyuka? A ina za a gina tashar rage ƙarfi, kuma garuruwa nawa na kan hanya ke cikin kasafin?

Maraɗi ta jira shekara goma sha takwas bayan Yamai kafin babbar waya ta iso ta, ƙauyuka da yawa na jihar kuma har yanzu suna jira bayan shekara talatin da isowarta. Iskar Tarka arziki ce da ba a saye a kasuwa, ba kuma a rufe mata iyaka. Amma rabon da manomin Gidan Rumji zai samu daga cikinta ana yanke shi ne a takardun izini da kasafin layi, tun kafin injin farko ya juya, kuma a nan ne ya kamata a ji muryarsa.