Garaya

Garaya kayan kiɗa ce ta gargajiyar Hausawa mai tsirkiya biyu. Kalmar jinsin mace ce, kuma wanda ke kaɗa ta ana ce masa mai garaya. An san ta a sassan ƙasar Hausa, har da ƙasar Zamfara, inda garuruwa irin su Bunguɗu da Tsafe da Gusau suke.

Ƙira

Ana fafe itace a yi ƙoƙo mai ɗan tsawo, a rufe bakinsa da fata, sannan a soka sanda ta zama wuya. A kan wannan sanda ake ɗaure tsirkiyoyin. Makaɗi yana kaɗa su da guntun busasshen ƙirgi, yana danna su da yatsun ɗaya hannun don sauya amo. Babbar garaya da ake yi da duma ita ake kira komo.

Amfani

Asalin garaya kiɗan maharba ce, da ita ake yi musu kirari ana zuga su. 'Yan bori ma suna amfani da ita, tare da caki. Bori ya daɗe yana shan suka daga malamai, ya kuma ƙara ja baya a bainar jama'a bayan da Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000.

Danginta

Molo da gurmi da kuntigi duk danginta ne. Haruna Uje ya yi suna da gurmi, Ɗanmaraya Jos kuma, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Bambancinta da lira

Garaya ta bambanta da lira ta tsohuwar Girka. Ita lira ana yin ta ne da ƙoƙon kunkuru da fatar sa, tana da hannuwa biyu da sanda a gicciye a sama, kuma galibi tsirkiyarta bakwai. Ba ta da wuyan da ake dannawa, shi ya sa take buƙatar tsirkiya da yawa. Babbar 'yar'uwarta ta katako ita ce kitara. A rabe-raben Hornbostel da Sachs na 1914, garaya da lira kowace rukuninta daban. Dangin lira a Afirka sun haɗa da kirar da begena na Habasha.