Labarin Jirgi A Mashigin Malanbil

Yaron zamanin nan in ya ji an ce jirgi, sai ya ɗaga kai ya dubi sama. A wurin kakanninmu kuwa jirgi ɗaya ne tak, watau gungumen itace da aka fafe aka tura bisa ruwa. Da Turawa suka kawo abin nan mai gudu bisa dogo, Hausawa ba su sami sunan da za su ba shi ba, sai suka aro daga bakin kogi, suka ce jirgin ƙasa. Haka kuma aka yi wa jirgin sama daga baya. To, mu da muke zaune a Malanbil muna ganin uban waɗannan jirage duka kowace safiya a bakin Kwara, ya kamata mu san labarinsa.

Ba jiya aka fara ba. Cikin 1987 wani Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe ta Nijeriya, sai ya ci karo da katako a ƙasa. Da masana suka tono shi cikin 1994, ashe jirgi ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai, suka auna shekarunsa suka ce wajen 8,000. Duk Afirka ba a sami wanda ya girme shi ba. A Masar kuma cikin 1954 an tono jirgin Fir'auna Kufu a gindin dalarsa, tsawonsa ya wuce mita 43, an yi shi da itacen al'ul na Lebanon. Abin lura game da shi, ba a buga masa ƙusa ba, da igiya aka ɗinke allunansa.

Wannan ɗinki shi ne dabarar kakanninmu ma. Mutanen kurmi suna da manyan itatuwa, ɗaya ya isa jirgi. Nan arewa kuwa samun madaci ko kawo mai tsawo, miƙaƙƙe, wanda ba shi da kogo, aiki ne. Saboda haka masassaƙi yakan fafe gungume biyu da gatari da gizago, wannan ya zama goshi, wancan ya zama baya, ya huda bakinsu, ya haɗa su a tsakiya, ya ɗinke da igiya, sa'an nan ya toshe kafofin. Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya haye Kwara a Sayi cikin watan Yuni na 1853 cikin irin wannan jirgi. Ya ce tsawonsa kamar ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 4 zuwa 5, babbansu kuwa ya ɗauki raƙumansa uku. Can sama, tsakanin Jenne da Tambutu, sun fi haka gwaninta. Bafaranshe Caillié ya bi wannan hanya cikin 1828 a jirgin alluna ɗinkakku mai tsawon ƙafa 90 zuwa 100. Amma fa ɗinki ba ya hana yoyo. Ya ga mutane tsaye da ƙwarya suna kwarfar ruwa dare da rana, in sun huta jirgi ya cika.

Kogin kansa yana da halinsa, wanda duk mai tuƙi ya sani. Sau biyu yake cika a wurinmu. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda ruwan saman ƙasashen nan yake kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya zuba a duwatsun Gini tun da damina, ya yi ta yawo cikin fadamun Masina a Mali, bai iso mu ba sai cikin sanyin hunturu. Da bazara kuwa sai rairayi ya fito, babban jirgi ya kwanta, a ajiye filafili a ɗauki gwangwala.

Masu kogin tun fil azal su ne Sarkawa, waɗanda Dandawa da Zabarmawa suke ce wa Sorko, masunta, mafarautan dorina da kada da ayu. Bisa jiragensu daular Sanwai ta tashi. Sunni Ali, wanda ya yi sarauta a Gawo daga 1464 zuwa 1492, da jirage ya kewaye Jenne har ta sallama, kuma a fadar Gawo akwai sarauta ta musamman, Hi-koi, watau sarkin jirage. Littafin tarihin Tambutu ya ce ruwa ne ya ci Sunni Ali yana komowa daga yaƙi. Kanta na Kabi, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu wajen 1517, shi ma sarkin ruwa ne, har labarin gargajiya ya ce yana da wani jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zaga ƙasarsa da shi in fadama ta cika. Da sojojin Maroko suka karya Sanwai a Tondibi cikin 1591, sauran 'ya'yan sarki suka gangaro da kogi zuwa nan ƙasar Dandi, inda Askiya Nuhu ya yi shekaru yana yaƙar masu bindiga daga cikin kurmi da gungu.

Hausawa kuwa yawancinsu ba tuƙi ya kawo su bakin kogin nan ba, goro ne. Ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da kayan fata, ya haye a Gaya ko Ilo ko Yawuri, ya bi ta Kandi da Jugu har Salaga cikin Gwanja. Madugu komai girmansa, in ya zo bakin ruwa sai ya sauke murya, ya yi ciniki da mai fito. A jibga kaya cikin jirgi, jakuna su yi iyo an riƙe musu kai. Kada kuma mu ɓoye, ba goro da kanwa kaɗai jiragen nan suka ɗauka ba. Sun haye da bayi masu yawa, waɗanda ba su sake ganin gida ba.

Bature na farko da ya wuce ta gaban wurin nan shi ne Mungo Park. Ya taso daga Gambiya cikin 1805 da Turawa fiye da 40, zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗauke su a hanya. A Sansandin ya sami tsofaffin jirage biyu, ya yanke ruɓaɓɓen, ya haɗa masu kyau, ya sami ɗaya mai ƙafa 40, ya sa masa suna Joliba. Da ya tashi cikin Nuwamba, Turawa 5 suka rage. Bai yarda ya sauka ya gai da sarakunan bakin kogi ba, duk jirgin da ya matso sai harbi, kuma wannan hali ya bar wa waɗanda suka biyo bayansa mugun suna. Ya wuce Dandi, ya kai Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Sai cikin 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka gangara daga Busa cikin kwalekwale har teku, duniya ta san inda Kwara ta ƙare.

Daga nan sai jiragen wuta. Cikin 1832 wani attajirin Libaful, Macgregor Laird, ya zo da biyu, sunayensu kuwa za su ba ku mamaki: ɗaya Kwara, ɗaya Albarka, da Hausa. Albarka da ƙarfe aka ƙera shi, a zamanin da mutane da yawa a Ingila suke ganin ƙarfe ba ya keta teku. Ya keta, har ya kai Raba ta ƙasar Nufe cikin 1833. Amma cikin Turawa 48 da suka zo, 9 kaɗai suka tsira. Tafiyar 1841 ma zazzaɓi ya watsa ta, ko da yake daga cikinta aka sami wani abu da ya shafe mu, gama Schön, wanda ya zo tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga littafin kalmomin Hausa cikin 1843. Cikin 1854 Likita Baikie ya shigo da jirgin Pleiad, ya sa mutanensa shan kwini kullum, ba wanda ya mutu. Zazzaɓi ya sami magani ke nan, amma dutse bai samu ba. Jirginsa na biyu, Dayspring, ya fashe a dutsen Jabba cikin 1857. Duwatsun da ke tsakanin Jabba da Busa su ne ƙofar da ta hana jirgin wuta na teku isowa Gaya, don haka ɓangarenmu na kogin ya zauna a hannun masu filafili.

Faransai sun gwada ta sama da ta ƙasa. Cikin 1896 wani hafsan sojan ruwa, Hourst, ya gangaro daga Tambutu da jirgin alminiyam, watau ƙarfen nan mara nauyi da ake tukwane da shi yanzu, ya yi watanni kusa da Sayi, ya wuce nan, ya ratsa Busa har teku. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba kogin tsakaninsu da Ingilishi, Ilo ta faɗa wa Ingilishi. Cikin 1901 Kyaftin Lenfant ya hauro da kayan soja daga Forkados, mutane suna jan jirage da igiya bisa duwatsu, har Sayi. An yi, amma da wahala ƙwarai, ba a daɗe ana bin hanyar ba.

Abin da ya gina garinmu a ƙarshe hanyar ƙasa ce. Tsofaffi suna kiran wurin Tasi, watau rairayi da Dandanci. Sunan Malanbil kuwa ba daga malam ya fito ba, kamar yadda baƙi sukan zata, daga Malan ne, wani gwamnan Dahomi. Cikin 1936 dogo ya taso daga Kwatano ya kai Faraku, ya tsaya nan. Motoci suka riƙa ɗauko kaya daga Faraku su zube a bakin kogi, jirgin fito ya haye da su Gaya, waɗansu kuma a sa su cikin jirage zuwa Yamai in ruwa ya cika. Da gyaɗar Nijar ta fara bin wannan hanya zuwa teku cikin shekarun 1950, jirgin fito ya kasa, aka gina gada cikin 1958. Bayan shekara talatin aka ƙara ta biyu. Mutane suka ce kwanan mai fito ya ƙare.

Bai ƙare ba, har ma hanyar jirgi ce ta yanke shari'ar ƙasa biyu. Tun cikin 1914 kwamandan Gaya, Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na Dahomi cewa a ɗauki babbar hanyar da jirgi yake bi a matsayin iyaka, gungun da ke hagu na Nijar, na dama na Dahomi. Muddin Bature ɗaya ne yake mulkin gaɓa biyu, wannan ya wadatar. Da mulkin kai ya zo cikin 1960 sai rigima ta tashi a kan Lete, gungu mafi girma, inda Filani makiyaya da manoman Dandi suke haɗuwa, har aka zub da jini. A ƙarshen 1963 abin ya kai Nijar ta kori ma'aikatan Dahomi daga ƙasarta. Aka yi ta ja har 2002, sa'ad da ƙasashen biyu suka kai maganar Kotun Duniya a birnin Heg. Ran 12 ga Yuli 2005 kotu ta ce iyaka ita ce inda ruwa ya fi zurfi cikin babbar hanyar jirgi, kamar yadda take a lokacin mulkin kai. Cikin gungu 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Binin ta sami 9. Iyakar da ke bisa gada ma aka ce ta bi ta ƙarƙashinta. Mun ga ya kamata a yaba wa ƙasashen biyu da suka karɓi hukuncin ba tare da bindiga ba.

Jirgin kansa ya sake kama. Ɗinki ya ba ƙusa wuri. Manyan abara da suke haurowa daga wajen Yawuri zuwa kasuwarmu da alluna ake yin su, a toshe da ƙwalta da gwangwani, a ɗaura inji a baya. Tsohuwar Busa kuwa, da duwatsun da suka ci Park, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Sai ga 2023. Ran 26 ga Yuli soja suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka gicciya manyan akwatunan ƙarfe bisa gada. Motoci suka yi jerin gwano a hanyar Kandi, kaya suna lalacewa cikin rana. Amma mai 'ya a Gaya da suruki a Malanbil ba ya jiran shugabanni su shirya. Jama'a suka gangara bakin ruwa kamar zamanin fatake. Jiragen da jiya suke kamun kifi suka koma ɗaukar mata da goyo, da ɗalibai, da buhunan masara, da babura, kuɗin fito ya tashi, masu lodi suka yi ta ɗorawa har ruwa ya kusa bakin jirgi, kuma ba kowa ne ya iya iyo ba cikin masu hawa. Binin ta buɗe nata gefen cikin Fabrairu 2024, Nijar ba ta buɗe ba a lokacin. Duk tsawon watannin nan, wanda ya tsaya a gaɓa da safe yana ganin gada biyu ba kowa a kansu, a ƙarƙashinsu kuwa jirage suna kai da kawowa tun asuba.