Daga Abincin Agaji Zuwa Kuɗin Lakkol: Yadda Talaka Ke Kallon Cin Hanci A Nijar

A ƙasar Madarunfa, in hira ta kai ga cin hanci, da wuya dattawa su tashi ba su ambaci Seyni Kountché ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, lokacin da fari ya gallabi ƙasa, ana kuma zargin manya da karkatar da hatsin agaji. Wannan zargi na cikin hujjojin da soja suka kafa, shi ya sa talakawa da yawa suka yi na'am da su.

Har yau ana tuna yadda Kountché ke faɗa wa ofisoshi ba sanarwa. Amma a ƙarƙashinsa ne na hannun damansa, Bonkano, ya tara dukiya, ya kuma yi yunƙurin juyin mulki a 1983. Tsoron mutum guda bai kashe cutar ba.

Abin da ya fi shafar malamai da iyaye shi ne badaƙalar MEBA ta 2006. Bincike ya gano an yi sama da faɗi da kuɗin da ƙasashen waje suka bayar don ilimin firamare. An tsare tsofaffin ministocin ilimi biyu, Ary Ibrahim da Harouna Hamani, sannan majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadou ranar 31 ga Mayu 2007. Daga nan aka kafa hukumar HALCIA a 2011, soja kuma suka kawo COLDEFF a 2023.

Sama da shekara hamsin ke nan kowane sabon mulki na zuwa da alkawarin kama ɓarayi, talaka ya yi tafi, daga baya ya ce duk jirgi ɗaya ya ɗebo su.

Sai dai a lura. Mutumin da ke tsine wa minista, shi ne ke miƙa "na goro" a shinge kan hanyar Dan Issa zuwa Jibiya, ko ya nemi a ƙara wa ɗansa maki. Satar birni muna kiranta sata, tamu kuwa alheri. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yaro ba ya karanta rahoton bincike. Hannun ubansa da na malaminsa yake kallo. Wanda ya ga an saya masa sakamakon jarrabawa, gobe da wane baki za a hana shi taɓa baitulmali?