Galmi da Danja: gidajen likita biyu da mutanen da suka riƙe su

Jama'a, idan aka ambaci Galmi a kasuwar Abijan ko ta Akara, albasa ake nufi. Amma a nan gida, daga Konni zuwa Madawa, daga Buza har Maraɗi, in ka ji an ce "an wuce da wane Galmi", kowa ya san ba sarin albasa aka tafi ba. Ciwo ne ya yi tsanani. Haka ma Danja. Shekaru da yawa sunan wanga ƙauye da ke kudu da Maraɗi, bisa hanyar Ɗan Isa, ba ya fita bakin mutum sai ya rage murya, don sunan ya haɗu da kuturta. Gidajen likitan nan biyu tushensu guda, ba na gwamnati ba ne, ba kuma na ɗan kasuwa mai neman riba ba. Mun daɗe muna shiga muna fita cikinsu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda aka yi suka kafu.

Tushen shi ne ƙungiyar mishan da ake kira SIM, wadda wasu samari uku suka soma a shekarar 1893 lokacin da suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Hausa. Biyu daga cikinsu ba su yi nisa ba cuta ta kashe su, saura Rowland Bingham shi kaɗai. Ƙungiyar ta shigo Nijar a 1924, ta fara zama a Damagaram, daga baya ta kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi. Wa'azin addinin Kirista ya kawo su, ba su kuma taɓa ɓoye wannan ba. Sai dai tun farko sun lura mutanen da ba su tsayawa sauraren wa'azi suna zuwa da kansu in aka ce akwai maganin gyambo ko na ciwon ido.

Nasaran Faransa da ke mulki ba su sake jiki da su ba. Dalili a fili yake: mutanen nan Ingilishi suke ji, daga Amurka da Kanada da Ingila suka fito, kuma cibiyarsu tana Najeriya, ƙasar da ke hannun Ingila. Kwamanda yana yi musu kallon idon maƙwabci. Ga kuma doka da ta ce aikin likita sai mai takardar da Faransa ta yarda da ita. Shi ya sa aka kwashe fiye da shekara ashirin suna ɗan ba da magani a ƙananan ɗakuna ba tare da asibiti na sosai ba. Sai a 1950 aka kafa na Galmi, da zuwan Dokta Burt Long da maiɗakinsa Ruth daga Amurka. Ku lura da wurin. Ba Maraɗi ba, ba Tawa ba, ba Damagaram ba. Ƙauye ne a bakin hanya, wajen kilomita 500 gabas da Yamai, a lokacin da babu gudiro, babu lantarki, ruwa ma sai an sha wuya.

Mu tuna yadda ƙasar take a wancan zamani. Likitocin gwamnati ƙalilan ne, yawancinsu sojan Faransa ne ko kuwa ƴan Afirka da suka yi karatu a makarantar likita ta Dakar, kuma suna manyan garuruwa. Nijar ba ta samu jami'arta ba sai 1971, shekara goma sha ɗaya bayan ƴancin kai. Talakan ƙauye in hanjinsa ya murɗe, ko matarsa ta kwana uku bisa gwiwa haihuwa ta ƙi, abin da ke gabansa shi ne wanzami, boka, rubutun sha, sai haƙuri. A irin wanga hali, ɗakin fiɗa guda ɗaya a tsakiyar ƙasar Adar da Gobir ba ƙaramin abu ba ne. Labari ya bazu ba da rediyo ba. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa ya koma gida da ƙafarsa, shi ne ya zama mai shela. Kafin a jima Buzaye suna gangarowa daga arewa, Fulani suna zuwa daga ruga, mutanen Illela da Sakkwato suna ƙetaro iyaka.

Danja ta biyo baya a 1956, kuma ita don kutare aka yi ta. A nan ma akwai abin da ya gabata a ƙetaren iyaka, don tun wajen 1937 SIM ke riƙe da gidajen kutare na Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. Ƴan yanzu ba su san abin da kuturta take nufi a da ba. Ba ciwon jiki kaɗai ba ne. Mutum ne za a ware wa ƙwarya, a ware masa buta, aure ya mutu, ƴaƴansa su rasa manema, ƙarshenta ya ɗauki akushi ya nufi bakin kasuwa. Har cikin karin maganarmu mun zuba kuturu, muna dariya. Maganin da ake da shi lokacin, wanda ake kira dapsone, yana aiki, amma sai an yi shekaru ana sha, wani ma har iyakar ransa. Don haka wanda ya je Danja ba jinyar sati guda ta kai shi ba, zama ya je yi. Mutane sun yi gonaki, sun yi aure tsakaninsu, sun haifi ɗiya lafiyayyu, unguwa ta tashi a gefen asibitin.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani uku, rifampicine da dapsone da clofazimine, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya baki ɗaya. Yau wata 6 ne ko wata 12, gwargwadon irin cutar, mutum ya warke yana cikin gidansa, kuma da ya fara sha ya daina yaɗa ta. Wannan ya sauya aikin Danja gaba ɗaya. Da ana jiran majinyaci ya zo bayan yatsu sun gutsure, yanzu aikin shi ne a tarbe shi tun yana da tabo guda a fata, tabon nan mai haske wanda in an taɓa shi da auduga ba ya ji. Wa zai gane wannan tabo a ƙauyen da ke nesa da gudiro? Ba lokotoron da ya zo daga Ostareliya ba. Ma'aikacin da ya hau babur ya je, ya gaida maigari, ya zauna bisa tabarma, ya san yadda zai ce wa magidanci ya tuɓe riga ba tare da ya kunyata shi gaban iyalinsa ba, shi ne zai gane.

A nan muke so mu ɗan tsaya, don nan ne tarihin da aka rubuta ya rage mana mudu. In ka buɗe abin da aka rubuta kan waɗannan gidaje, sunayen baƙi za ka fi gani: wanda ya kafa, wanda ya kawo kuɗi, wanda ya zo ya yi shekara kaza. Sun cancanta, ba mu hana su ba. Amma baƙo yana zuwa ya koma. Waɗanda suka kwana a ɗakin majinyata shekara talatin ƴan ƙasa ne. Akwai waɗanda suka shiga aikin suna share daɓe ko wanke kayan fiɗa, aka ga hankalinsu, aka koya musu ɗaurin miki, daga nan allura, daga nan duba jini a madubin likita, har suka zama su ne sabon lokotoro ke tambaya in ya ga abin da bai taɓa gani ba a ƙasarsu. Akwai tafinta, wanda in babu shi likita da majinyaci kurame ne su biyu. Ba Hausa kaɗai yake juyawa ba, har da abin da ke bayan maganar: in tsohuwa ta ce "zahi" ke damunta, ko ta ce "iska" ce ta taɓa yaron, shi ya san inda zancen ya dosa. Akwai mai koya wa wanda ya warke daga kuturta ya jiƙa ƙafarsa cikin ruwa kowace rana, ya goge kanta, ya shafa mai, ya duba tafin ƙafa ko ƙaya ta shiga bai ji ba, don jijiyar da ta mutu ba ta dawowa ko da ƙwayar cutar ta mutu. Aiki ne marar daɗin kallo, ba a ɗaukar hotonsa, amma shi ke hana a yanke ƙafa.

Wani reshe na aikin ya fita daga asibiti gaba ɗaya ya shiga gona, kuma a ganinmu har yanzu maganar lafiya ce. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har ya gane cewa ƴan tsiron da muke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura, itace ya tashi da kansa. Yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, ita ta buɗe wa dabarar ƙofa, don an haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona. Da yunwa ta wuce wasu sun sare nasu, wasu sun bari, waɗanda suka bari kuwa maƙwabta suka ga bambanci. Yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar nan, kuma a 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Lambar tasa ce, amma gawo da kalgo da sabarar da suka tashi, manoman Maraɗi da Damagaram ne suka tashe su da addarsu.

Da kutare suka ragu, Danja ba ta rufe ba. Ta zama gidan likita na kowa, sannan a 2012 aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a harabarta, da haɗin gwiwar ƙungiyar Worldwide Fistula Fund. Wanda ya kafa waccan ƙungiya, Dokta Lewis Wall, ba baƙon Hausawa ba ne, don tun kafin ya zama likita ya zauna a ƙasar Katsina yana nazarin maganin gargajiya. Abin lura, hanyar da Babbar Ruga ta bi ke nan: gidan kutare ne, Dokta Kees Waaldijk ɗan Holan ya zo aikin kuturta a shekarun 1980, ya ƙare yana ɗinke mata masu yoyo. Ba haɗuwar banza ba ce. Cututtukan nan biyu dangin juna ne ta fuskar yadda muke yi wa masu su. Yarinya ta yi doguwar naƙuda, kan jariri ya danne mafitsara da ƙashi kwana biyu ko uku, naman wurin ya mutu, jaririn ma galibi ya zo babu rai, bayan ƴan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Miji ya janye, kishiya ta toshe hanci, a mayar da ita gidan iyaye. Gidan da ya saba karɓar wanda aka gudu daga gare shi, shi ya fi sanin yadda zai karɓe ta. Bayan fiɗa ana koya wa matan ɗinki da saƙa da karatu, ana kuma gargaɗinsu cewa ciki na gaba a asibiti za a haife shi. Ma'aikata suna fita ƙauyuka su gaya wa ungozoma da maza magana guda: kada rana ta fito sau biyu mace tana bisa gwiwa.

Galmi kuwa ta girma ta wata fuska. Banda matanite da ɗakin yara masu tamowa da kula da masu sida da tarin huka, ta zama makarantar fiɗa. Ƙarƙashin shirin PAACS, wanda aka soma a asibitin Bongolo na ƙasar Gabon, likitoci ƴan Afirka suna shekara 5 suna koyon aikin fiɗa a wurin. Abin da suke gani ba kaɗan ba ne: karaya daga haɗarin babbar hanya, ƙunar wuta lokacin ɗari, haihuwar da ta gagara, da yaran da zazzaɓin tifoyid ya huda musu hanji saboda ruwan sha marar tsabta. Gidan da a 1950 ya dogara ga likita guda daga Amurka, yau yana yaye likitocin da ke tafiya wasu ƙasashe su yi aiki.

Ba za mu rufe ido ga maganar da ake yi a majalisa ba. Wasu malamai tun da can suna ƙyamar wurin, suna cewa allura ce a gaba, wa'azi a baya. Gaskiya ne ana wa'azi, kuma akwai waɗanda suka shiga addinin Kirista ta wannan hanya, musamman cikin waɗanda suka daɗe zaune a Danja. Gaskiya ne kuma mafi yawan masu zuwa Musulmi ne, suna shimfiɗa buzunsu su yi salla a harabar, su warke su koma gida da addininsu. Mutanenmu sun daɗe da yanke wa kansu hukunci a kan wannan, da ƙafafunsu. Sai maganar kuɗi. "Ba don riba ba" ba ya nufin kyauta. Albashi, gazuwal na injin wuta, magani, zaren ɗinki, duka sai an biya, kuma talaka yakan sai da akuya ko buhun hatsi kafin ya kama hanya. Tun 2006 gwamnati ta ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kowa ya san yadda biyan bashin wannan alkawari ya riƙa makara a gidajen likita na ƙasar nan.

Abin da ya fi damunmu shi ne gobe. Zaman baƙi a karkarar Nijar ya yi wuya saboda halin tsaro, kuma taimakon waje ba abin jingina ba ne. In gidajen nan za su ɗore, ƴaƴanmu ne za su riƙe su, kuma sai an ba su dalilin zama a Galmi ko Danja maimakon Yamai ko ƙasar waje. Har yanzu ana samun sababbin masu kuturta ɗaruruwa kowace shekara a Nijar, da yawa suna isowa bayan jijiya ta riga ta lalace. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar kutare ta duniya, 23 ga Mayu kuma ta yaƙi da yoyon fitsari. Tsofaffin ma'aikatan da suka ga zamanin dapsone, suka ga El Buhari, suka ga yunwar 2005 lokacin da uwaye suka cika Maraɗi da yara a goye, suna ta raguwa. Wanda ke da irinsu a gida ko a unguwa, ya je ya zauna da su da waya a hannu ya naɗi muryarsu, ya tambaye su shekarar da suka fara, wa ya koya musu, da kuma ƙauyukan da suka taka.