Waliyyin Ailan, Kwalbar Girka, Farantin Kano

A duk ranar 17 ga Maris mutanen ƙasar Ailan na bikin Waliyyi Patrick, malamin da ya yaɗa Kiristanci a tsibirinsu a ƙarni na 5. Bikin ya bi su duk inda suka yi ƙaura, har ta kai a biranen Amurka mutum zai sa koren kaya ya yi shi a gidan abincin Girkawa, da giyarsu da gasasshen namansu. Da jin haka sai mu ce ai wannan kwamacala ce ta Turawa. To mu dakata, domin Ailan da Girka sun daɗe da haɗuwa a Kano.

Ta wajen Ailan, mata masu hidimar coci na St. Louis sun iso Kano a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata tana nan a Bompai, ta yaye 'ya'yan Musulmi da na Kirista. A 1961 aka ayyana Patrick a matsayin waliyyin Katolikan Najeriya, saboda yawan limaman Ailan da suka yi aiki a ƙasar.

Labarin Girkawa ya fi shafarmu, don ya shigo har cikin ɗakunanmu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin waje suka yi ta kafa kantuna. Cikinsu akwai PZ, wanda harafin Z ɗinsa sunan wani Bagirke ne, George Zochonis. Daga baya sai ga Leventis, kamfanin A. G. Leventis, Bagirke ɗan tsibirin Saifurus. Gidan Leventis ne ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, mai haɗa Coca-Cola da Fanta, wanda ke da masana'anta a Challawa. Uwar kamfanin a yau sunanta Coca-Cola HBC, kuma H ɗin nan na nufin "na Girkawa". Ke nan kiret ɗin lemon da ake ajiye wa baƙi ranar Sallah a Rijiyar Zaki, unguwar da gidaje suka cinye gonakinta a kan idon iyayenmu, yana da jibi da tsibirin da yawancinmu ba za mu iya nunawa a taswira ba. Giya ba ta cikin al'adar gidajenmu, amma kwalbar Girka ta shiga.

Sauran farantin fa? Gurasa da muke tinƙaho da ita, sunanta daga Larabci ya zo, haka ma shayi. Tumatir da barkono da ita kanta gyaɗar da ta yi dala a Kano, asalinsu nahiyar Amurka. Maggi kuwa ɗan Suwizalan ne. Gero da dawa da kuka da daddawa, waɗannan su ne 'yan gida.

Ga inda abin ya shafi alƙalaminmu. Muna karanta labaran da aka ce sun faru a zamanin Sarki Alu, wanda mulkinsa ya ƙare a 1903, sai mu tarar amarya na jefa dunƙulen Maggi a miya, ko ana miƙa wa baƙo lemon kwalba. Wasu kuma, don gudun haka, sai su share duk wani baƙon abu daga Sallar 1975, su bar tuwo da fura kawai, alhali a lokacin Fanta ta riga ta zama abin fita kunyar baƙo a birni. A ganinmu na biyun ya fi muni, domin na farko rashin bincike ne, na biyu kuwa ƙirƙiro Kanon da ba a taɓa yi ba.

Wanda ke rubuta labarin shekarun 1960 ko 1970, ya samu dattijuwa a gidansu ya tambaye ta yaushe ta fara ganin lemon kwalba a gidan biki, wa ke iya saye, kuma wa ake ba. Ya turo mana amsar kafin makon gobe, da sunan garin da shekarar.